Malamar da ta Sa Amurka Dariya

Tun da aka fara koya mana tarihin wasan kwaikwayo nake neman wasan da ya ɗauki malamin makaranta a matsayin mutum mai cin tuwo da biyan kuɗin haya. Wanda na samu, 'yan'uwana ɗalibai, wasan ban dariya ne na rediyon Amurka, sunansa Our Miss Brooks. Gidan rediyon CBS ya fara watsa shi a watan Yuli na 1948, bai tsaya ba sai 1957.

A lura da zamanin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kaya sun yi tsada a Amurka, albashin malamai kuwa yana nan inda yake, har da yawa suka bar aikin. A 1946 malaman Norwalk da na St. Paul suka yi yajin aiki, na Buffalo suka bi sahu a 1947. Cikin wannan hali ne aka fito da Malama Connie Brooks, mai koyar da Turanci a wata sakandare ta ƙage, watau Madison.

Eve Arden ce ta fito a matsayinta. An ce Shirley Booth aka fara gwadawa, amma sai wahalar malamai ta tsaya mata a rai har wasan ya ƙi ba da dariya. Ita kuwa Arden baki gare ta kamar reza. Ɗaki guda take haya a gidan wata dattijuwa, Misis Davis. Motarta kullum tana wajen makanike, saboda haka ɗalibinta Walter Denton ke rage mata hanya a tasa akwalar. Ga shugaban makaranta, Osgood Conklin, wanda Gale Gordon ya fito a matsayinsa, mutum mai tsawa da maƙo, ko ɗumama azuzuwa da hunturu sai an kai ruwa rana da shi. Sa'an nan ga Malam Boynton mai koyar da ilmin halittu, wanda take so, shi kuwa kunya ta hana shi magana, hankalinsa na kan kwaɗonsa.

Abin da ya burge ni shi ne inda aka dosa da dariyar. A Ingila, Will Hay da Jimmy Edwards sun yi suna da fitowa a matsayin malami jahili ko mazambaci, shi ake yi wa dariya. Nan kuwa malamar ta san aikinta, ita ke ba'a, mai saurare yana bayanta. Sai dai ina da ƙorafi ɗaya: neman auren Boynton ya cinye lokacin da ya kamata mu ji ta a cikin aji.

Malaman Amurka dai sun karɓe ta hannu biyu. Ƙungiyarsu ta ƙasa, NEA, ta ba Arden wakilcin girmamawa, wasu makarantu ma har aikin koyarwa suka yi mata tayi. Wasan ya shiga talabijin daga 1952 zuwa 1956, a shekarar ƙarshen kuma aka yi fim ɗinsa.