Tarihin Sanyaya Na'urar Sauraron Taurari

Na'urar sauraron taurari babban faranti ne da ke tattara igiyoyin rediyo masu zuwa daga sararin samaniya, ya miƙa su ga makarɓin sigina, shi kuma ya ƙara musu ƙarfi. Siginar kan iso da rauni matuƙa, kuma babban abin da ke danne ta shi ne ɗumin jikin makarɓin kansa. Duk ƙarfen da ke da ɗumi, ƙwayoyin lantarkin cikinsa na kai-kawo, wannan kai-kawon kuwa hayaniya yake haifarwa. John Johnson da Harry Nyquist na kamfanin Bell a Amurka ne suka bayyana hakan a 1928. Magani shi ne sanyi. Idan aka rage hayaniyar da rabi, aikin sauraron da zai ci sa'a huɗu sai a gama shi cikin sa'a ɗaya.

Magabatan fannin ba su sanyaya komai ba. Karl Jansky ya gano igiyoyin rediyo daga tsakiyar gungun taurarinmu a farkon shekarun 1930, Grote Reber kuma ya kafa faranti a bayan gidansu a jihar Illinois a 1937, dukansu da na'urori masu ɗumin ɗaki. Hanyar samun sanyin kuwa tana nan tun 1908, lokacin da Kamerlingh Onnes ya mayar da iskar hiliyam ruwa a birnin Leiden na Holan. Ruwan hiliyam yana tafasa ne a digiri 269 ƙasa da sifiri.

A ƙarshen shekarun 1950 aka fara amfani da mesa, na'urar ƙara ƙarfin sigina da ake yi da dutsen yaƙutu, a tsoma ta cikin ruwan hiliyam. Da irinta Arno Penzias da Robert Wilson suka yi aiki a Holmdel a 1964. Sun lissafa hayaniyar kowane sashe na na'urarsu, amma wata 'yar ƙara ta ƙi ɓacewa, ko ina suka juya ta. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kankare, ƙarar tana nan. Ashe ragowar zafin farkon halittar sararin samaniya suke ji. Da makarɓin nasu mai ɗumi ne, da wuya a ce sun bambance ta da hayaniyarsa. Sun sami kyautar Nobel a 1978.

Mesa tana da wuyar sha'ani: tsada, da ɗurin hiliyam ba ƙaƙƙautawa a can saman faranti. Sauƙi ya zo ta hanya biyu. Wajen 1960 William Gifford da Howard McMahon suka ƙirƙiro injin sanyaya da ke juya iskar hiliyam a rufe, ba sai an ƙara ba. Sannan a 1980 kamfanin Fujitsu na Japan ya fito da taransisto ɗin HEMT, ƙirar Takashi Mimura, wanda hayaniyarsa ke faɗuwa warwas idan aka kai shi kusan digiri 258 ƙasa da sifiri. Akan saka shi a tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta, a bar wata 'yar taga da sigina za ta shiga. Irinsa aka ɗora wa farantan VLA na New Mexico don sauraron kumbon Voyager 2 sa'ad da ya gifta duniyar Neptune a 1989. A tashar ALMA ta ƙasar Chile, har zuwa sanyin ruwan hiliyam ake kai makarɓan.

A Afirka, farantai 64 na MeerKAT da aka ƙaddamar a Afirka ta Kudu a 2018 suna aiki da makarɓai masu sanyi. Gana ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar sauraron taurari a 2017. A Najeriya, Nsukka ce cibiyar fannin, albarkacin Farfesa Samuel Okoye, wanda ya yi bincike tare da masanin taurari Antony Hewish a Cambridge.

Taransiston na HEMT bai tsaya a hannun masana ba. Shi ya sa farantan dish suka ƙanƙance, kuma yana cikin ɗan kan nan da masu haɗa dish ke kira LNB, a kan rufin gidajen Gwarzo da Kabo, inda yake aiki a tsakar ranar bazara ba tare da sanyaya ba, domin siginar tauraron ɗan'adam ta fi ta taurari ƙarfi nesa ba kusa ba.