Malaman daji da itatuwan tudu da kwari a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Abin da tsofaffin malaman daji ke fara koya wa sabon shiga shi ne cewa itace ba ya zama shi kaɗai, kowane yana da abokan zama da irin ƙasar da yake so. Wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi zai ga haka da idonsa. A kan tudu, cikin gonakin gero da dawa, akwai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. A saurukan da aka huta da nomansu, sabara da kalgo ne ke riga kowa fitowa. In aka gangara kwari, wajen rafukan da ke zuba a kogin Karaduwa, sai a fara cin karo da kanya da ɗinya da marke, jefi-jefi da maɗaci. Kan fako kuwa, aduwa da farar ƙaya ne ke jurewa.

Aikin gandun daji na gwamnati bai fara da wannan fahimta ba, da doka ya fara. Dokar daji ta 1916, zamanin Gwamna Lugga, ta ba da ikon keɓe dazuzzuka, aka kuma ɗora wa En'e nauyin tsaronsu. A yammacin Dutsin-Ma, wajen Safana da Batsari, an keɓe dajin Runka, makwabcin dajin Rugu. Tun daga lokacin talaka ya san malamin daji da abu biyu: takardar izinin sara, da tara. Abin sha'awa, a wannan shekara ta 1916 ne likita J. M. Dalziel ya buga littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa. Ilimin yana bakin manoma da makiyaya da maƙera, amma ofis bai ɗauke su malamai ba.

A 1934 wani masanin daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya zagaya Arewa, ya koma yana shelar cewa Sahara na tahowa kudu, sai an tare ta da katangar itatuwa. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa ya bi kan iyaka a 1936 da 1937, bai ga hamada na tafiya kamar yadda aka faɗa ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar sara da ƙuna da kiwo. Duk da haka maganar Stebbing ce ta fi zama a zukatan 'yan wannan fanni, domin tana da sauƙin faɗa, tana kuma jawo kuɗi.

Farin 1973 da na 1984 suka ƙara mata ƙarfi. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, shirin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa ya kankama, aka buɗe wuraren renon dashe, aka ja layukan kare iska. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928, ita da turare suka zama 'yan gaban goshi, saboda suna saurin girma, awaki kuma ba su cika damunsu ba. Ba wanda zai raina inuwar da suka ba kasuwanni da makarantu. Sai dai darbejiya ba ta ba da kalwar daddawa, ba ta ba maƙeri gawayin ƙirya, ba ta kuma yin abin da gawo ke yi: ya zubar da ganye da damina, gero ya sha rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani ya zubo wa dabbobi 'ya'ya.

Gyaran tunani daga Maraɗi ya zo. Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, da manoman yankin suka koma ga kututturen da ke tohowa a gona kowace shekara. Maimakon a sassabe toho duka, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a yi musu aski, a bar su su tashi. Sassaben zamani ke nan, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar ba tare da jiran dashe daga ofis ba.

Yau matsalar tsaro ta hana ma'aikata shiga Rugu, buhunan gawayi kuma sun cika bakin titi. Manyan ɗorawa da tsamiyar da suka rage a gonakin Kurfi da kewayen dam ɗin Zobe tsofaffi ne, ƙananan da za su gaje su ba su da yawa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da ɗalibai masu karatun daji. Ya kamata a fito da su gonaki su ƙirga abin da ya rage a tudu da kwari, su tattara irin ƙirya da marke da ɗorawa tare da manoma, hukuma kuma ta tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne.