Intabiyun Warware Matsala: Ƙofar Shiga Kamfanonin Ba da Shawara Kan Fasaha

Ɗalibin da ke neman gurbin horon sanin makamar aiki a sashen fasaha na kamfanoni irin su Accenture, Deloitte, PwC, EY ko KPMG, da wuya ya kauce wa wani zama na rabin awa zuwa minti 45, wanda a cikinsa ake ture takardun shaidarsa gefe. Mai yi masa intabiyu zai shimfiɗa masa matsalar wani kamfani, ya ce masa, misali, wani banki na son kwashe bayanansa daga kwamfutocin da yake ajiyewa a gininsa zuwa rumbun haya na intanet, wato gajimare, to wace shawara za ka ba shi? Ba amsar da aka haddace ake nema ba. Ana so a ga yadda tunanin ɗalibi ke tafiya a fili, a gaban wani, alhali bayanan da ke hannunsa ba su cika ba.

Salon ya samo asali ne daga aji. A 1870 Christopher Langdell ya soma koyar da lauyoyi a jami'ar Harvard ta hanyar nazarin shari'o'in da aka riga aka yanke. Makarantar koyon kasuwanci ta jami'ar ta ari wannan hanya a farkon shekarun 1920, a zamanin shugabancin Wallace Donham. Da kamfanin ba da shawara na McKinsey ya fara ɗaukar sabbin ɗaliban irin waɗannan makarantu a 1953, maimakon dattawan da suka daɗe a masana'antu, sai wata buƙata ta taso: ta yaya za a auna matashin da bai taɓa riƙe ko kanti ba? A hankali aka zauna kan a ba shi ƙaramin samfurin aikin, a zuba masa ido.

Shi kuwa reshen fasaha na wannan sana'a tarihinsa daban ne, kuma a ganina a nan yawancin masu shiri suke kuskure hanya. A 1953 kamfanin General Electric ya nemi masu binciken kuɗi na kamfanin Arthur Andersen su duba masa ko kwamfuta za ta iya lissafa albashin ma'aikatan masana'antarsa da ke Louisville a jihar Kentucky ta Amurka. A 1954 aka girka na'urar UNIVAC a wurin. Sashen da ya yi wannan aiki shi ne ya bunƙasa har ya koma Accenture a 2001. Tun daga tushe ke nan, aikin bai tsaya ga rubuta rahoto a miƙa wa shugaba ba. Sai an girka abin, ya yi aiki, ma'aikata sun karɓe shi. Saboda haka tambayar da ke ƙarƙashin kowace matsalar gwaji a wannan fage ita ce: in an bi shawararka, yaya za a aiwatar, kuma me zai iya ɓaci a hanya?

Wanda ya fahimci wannan zai fi amfana da karanta labarin ayyukan da suka rushe a kan haddar sunayen manhajoji. Kamfanin manyan kantuna na Jamus, Lidl, ya shafe kimanin shekara 7 yana ƙoƙarin komawa kan manhajar SAP don kula da hajarsa, sannan ya watsar da aikin a 2018 bayan kashe abin da jaridar Handelsblatt ta ƙiyasta da kusan Yuro miliyan 500. Babban abin da aka ruwaito ya haddasa hakan bai taka kara ya karya ba a ido: Lidl na lissafa kayansa ne da farashin sari, manhajar kuma an gina ta kan farashin sayarwa. Kamfanin ya ƙi sauya al'adarsa, aka yi ta yi wa manhajar kwaskwarima har kuɗin ya fi ƙarfin amfanin. A Birtaniya kuma, bankin TSB ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a watan Afrilun 2018, mutane da yawa suka kasa shiga asusunsu, matsalar ta ja watanni, kuma a Disambar 2022 hukumomi suka ci shi tarar Fam miliyan 48.65. Ɗalibin da ya san waɗannan biyu, in aka ba shi matsalar banki, da kansa zai tambaya: a rana ɗaya za a kwashe komai ko kashi-kashi? An gwada sabon tsarin da nauyin mutane na gaske? In ya ƙi aiki, akwai hanyar komawa tsohon?

Bari mu duba lissafin kusa-kusa, da alƙaluman misali. A ce bankin na kashe Dala miliyan 10 a shekara wajen kula da kwamfutocinsa. Hayar gajimare za ta ci miliyan 6 a shekara, aikin ƙaura kuma miliyan 12. Ɗalibi mai hanzari zai ce rarar miliyan 4 ce duk shekara, don haka cikin shekara 3 kuɗi ya dawo. Lissafin daidai ne, amma da saura. Banki ba ya kashe tsohon tsari ranar da ya kunna sabo. In aka tafiyar da su tare na shekara guda, an biya ƙarin miliyan 6, abin da aka zuba ya zama miliyan 18, kuma daga ranar da aka rufe tsohon sai an yi shekara 4 da rabi kafin a fanshe. Ba a ma zo kan kuɗin horar da ma'aikata ba, ko dokar ƙasa kan inda aka yarda a ajiye bayanan jama'a. Wannan mataki na biyu shi ne abin da mai intabiyu ke jira, kuma ba sai wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta ne zai iya kai wa gare shi ba.

Littattafan shiri, irin na Marc Cosentino da na Victor Cheng, suna koyar da tsare-tsaren rarraba matsala, kuma a fagen fasaha wanda aka fi ji shi ne mutane, hanyar aiki, sannan na'ura. Suna da amfani ga mai farawa. Illar ita ce a ɗauko tsari guda a ƙaƙaba wa kowace matsala, kamar telan da ya yanka yadi tun bai auna mai riga ba. Abin da ya fi dacewa a riƙe shi ne ƙa'idar Barbara Minto, wadda ta shiga McKinsey a 1963: a kasa matsala gida-gida yadda wani gida ba zai shiga wani ba kuma ba a bar komai a waje ba, sannan in an zo bayani a fara da shawarar, dalilai su biyo baya. A minti biyun ƙarshe, "Ina ba da shawarar a yi ƙaurar kashi uku, a fara da abin da bai taɓa kuɗin jama'a ba, ga dalilaina" ya fi dogon tarihin yadda aka kai ga amsar.

Ko wannan jarrabawa na auna abin da ake cewa tana aunawa? Nazarin Frank Schmidt da John Hunter na 1998, wanda ya tattara binciken shekara 85, ya nuna gwajin samfurin aiki da intabiyu mai tsayayyen tsari sun fi hirar kara-zube hasashen ƙwazon ma'aikaci. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai Lauren Rivera ta jami'ar Northwestern, a littafinta Pedigree na 2015, bayan ta tattauna da masu ɗaukar ma'aikata 120 a manyan kamfanonin Amurka, ta nuna cewa gogewar harshe da kamannin tarbiyya na yin tasiri ƙwarai, har kuskure iri ɗaya akan yi masa fassara daban gwargwadon wanda ya yi shi. Abin ya dame ni, domin ɗalibin da jami'arsa ke da ƙungiyar masu atisayen irin wannan intabiyu ya riga ya sha gaban wanda bai taɓa jin labarinta ba, ko da basirarsu ɗaya.

Yawancin kamfanonin ba da shawarar da aka ambata a farko na da ofisoshi a Legas, wasunsu har da Abuja, don haka zancen ya shafi ɗaliban Kano da Zariya da Sakkwato kai tsaye. Wanda ya taso da ladabin sunkuyar da kai a gaban manya zai ji nauyin ce wa babba, "Ranka ya daɗe, kafin in amsa, me bankin ke nema, rage kashe kuɗi ko saurin hidima?" Amma a wannan ɗaki tambayar na cikin abin da ake ba maki, shirun kuma akan ɗauke shi rashin abin faɗa. Maganinsa atisaye da baki: abokai biyu, ɗaya ya riƙe matsala da agogo, ɗaya ya warware da babbar murya da Turanci, da biro da takarda ba na'urar lissafi, sannan su yi musaya. Mai riƙe da agogon ya riƙa katse abokinsa da sabon bayani a tsakiyar magana, ya ce kuɗin ƙaurar ya ninka ko ma'aikata sun ƙi sabon tsarin, domin haka ake yi a ranar.