Daga Jos 1993 zuwa Gombe 2025: wa ke zaɓen Mataimakin Shugaban Ƙasa?

Ranar Lahadi 15 ga Yunin 2025 ba za ta yi saurin fita daga zukatan mutanen Gombe ba. A ranar ce jiga-jigan APC na shiyyar Arewa maso Gabas suka taru a babban zauren taro na birnin, mataimakin shugaban jam'iyyar na shiyyar, Mustapha Salihu, ya tashi ya yi wa Shugaba Tinubu mubaya'ar tazarce bai ambaci mataimakinsa Kashim Shettima ba. Nan take zauren ya yamutse, aka yi ta kiran sunan Shettima, kujeru suka tashi sama, sai da jami'an tsaro suka fitar da shi. Tun daga nan, duk majalisar hira da ka zauna a unguwar Gabukka ta Gombe bayan sallar isha'i, ko wajen mai shayi da safe, maganar ɗaya ce: za a sake tafiya da shi, ko za a ajiye shi? Matasa da dama sun ɗauka a 2022 aka fara wannan taƙaddama. Ta girme su nesa, kuma wanda yake son gane ta sai ya koma Jos, watan Maris na 1993.

A ƙarshen 1992 Janar Ibrahim Babangida ya soke zaɓen fid da gwani na jam'iyyu biyun da gwamnatinsa ta ƙirƙira, SDP da NRC, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Cikinsu har da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya riga ya yi wa kowa fintinkau a SDP, da Malam Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi a NRC. 'Yar'aduwa bai naɗe tabarmarsa ba. Ya tura yaronsa na siyasa, Atiku Abubakar, tsohon jami'in kwastan daga Adamawa mai shekara 46, ya riƙe masa tuta. A taron fid da gwani na SDP a Jos mutum uku suka yi fice: Cif Moshood Abiola, attajirin Abeokuta, Babagana Kingibe, ɗan Borno, tsohon jakada kuma tsohon shugaban jam'iyyar, sai Atiku. A zagayen farko Abiola ya zo na ɗaya da ɗan ƙaramin rinjaye, Kingibe na biye da shi, Atiku na uku. Ƙuri'un Atiku su ne mabuɗin. Ya janye, mutanen 'Yar'aduwa suka koma wa Abiola, da haka ya kayar da Kingibe.

Daga nan ruwayoyi suka rabu. Mutanen 'Yar'aduwa sun tsaya a kan cewa da alkawari aka janye: Atiku zai zama mataimaki. Akwai kuma ruwayar da ke cewa fadar Babangida ta fi son Paschal Bafyau, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta NLC, Kirista daga Adamawa, don a daidaita tikitin. Su kuwa gwamnonin SDP, su 14 a lokacin, yawancinsu a zamanin shugabancin Kingibe suka samu tikitinsu, kuma suka kafe a kan sai shi. Mai karatu ya lura da wani abu: Kingibe da Atiku da Bafyau duk 'yan Arewa maso Gabas ne. Rigimar farko mai zafi a kan kujerar mataimaki, a kan 'ya'yan shiyyarmu aka yi ta.

Abiola ya daɗe yana juya lamarin, daga ƙarshe ya ɗauki Kingibe, mutumin da ya kayar. Musulmi da Musulmi.

Yau ana yawan ba da labarin nan da wata fuska: wai a 1993 'yan Najeriya ba su damu da addini ba, cancanta kawai suka duba, Abiola kuma ya yi jarumtar rufe ido ga bambanci. Labari ne mai daɗin ji, amma ban gamsu da shi ba, kuma duk wanda ya rayu a tsohuwar Jihar Bauci a shekarun nan ba zai gamsu ba. An yi ce-ce-ku-ce a kan shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986. An yi rikicin Kafanchan a 1987, na Tafawa Ɓalewa a 1991 wanda ya fantsamo har cikin garin Bauci, na Zangon Kataf a 1992. Jinin bai bushe ba aka shiga zaɓen. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Abiola ya yi lissafi: gwamnoni ne ke riƙe da jam'iyya a jihohi, su ne za su fitar da jama'a ranar zaɓe, saɓa musu kuwa ganganci ne. Sannan yana neman ɗan Arewa Musulmi da zai rage wa abokin karawarsa ƙarfi a gida.

Ga kuma hujjar da masu ɗauko misalin 1993 ba sa son ambata. Jam'iyyu biyu kaɗai doka ta yarda da su, kuma 'yan takarar biyu duk Musulmi ne: Abiola a SDP, Alhaji Bashir Tofa na Kano a NRC, wanda ya ɗauki Dokta Sylvester Ugoh, Kirista ɗan ƙabilar Ibo. Kiristan da ya je rumfar zaɓe ba shi da ɗan takarar shugaban ƙasa na addininsa, zaɓinsa tsakanin Musulmin Kudu ne da Musulmin Arewa. Ga gajiya da mulkin soja da raɗaɗin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP. Shi ya sa ranar 12 ga Yuni Abiola ya samu ƙuri'a sama da miliyan 8, Tofa kusan miliyan 6. Abiola ya ci Borno da Yobe da Filato, ya ci har Kano, mahaifar Tofa. Mu kuwa a nan, lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauci ƙarƙashin gwamnan NRC Alhaji Dahiru Mohammed Deba, Tofa muka zaɓa. Kasancewar Kingibe ɗan shiyya bai juya akalar Bauci ba.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ci mini rai a wannan tarihi. An soke zaɓen ranar 23 ga Yuni. A lokacin da Abiola ya fi bukatar jam'iyyarsa ta tsaya masa tsayin daka, shugabancinta yana hannun ɓangaren 'Yar'aduwa, wanda aka ɓata wa rai a kan kujerar mataimaki, kuma shugaban jam'iyyar, Tony Anenih, ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. Da Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba, mataimakin da aka sha wahalar zaɓa, Kingibe, ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje. Masu kare shi suna cewa da sanin Abiola mutanensa suka shiga gwamnatin, da fatan Abacha zai mayar masa da haƙƙinsa. Ko da an yarda da hakan a farko, ai Kingibe ya ci gaba da zama minista bayan an kama Abiola a Yunin 1994, har Abiolan ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998. 'Yar'aduwa ma a kurkukun Abakaliki ya cika, a Disambar 1997. Tikitin da aka ɗinka da zaren lissafi kaɗai, ranar da aka ja shi da ƙarfi sai ya yage.

Atiku ya samu a 1999 abin da ya kuɓuce masa a Jos. An riga an zaɓe shi gwamnan Adamawa lokacin da Obasanjo ya ɗauke shi, kuma ba a gama wa'adi na biyu ba sai da suka kai juna Kotun Ƙoli, wadda ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon tsige mataimakinsa. Rasuwar Shugaba Umaru 'Yar'aduwa ranar 5 ga Mayun 2010 ta mayar da mataimakinsa Goodluck Jonathan shugaban ƙasa, ta kuma tuna wa kowa cewa kujerar nan ba ado ba ce. A Yulin 2022, a Daura, Tinubu ya bayyana sunan Shettima, wani ɗan Borno kuma, Babachir Lawal da Yakubu Dogara suka yi bore a kan tikitin Musulmi da Musulmi. Wannan karon akwai ɗan takara Kirista, Peter Obi, a fili, kuma Tinubu ya ci da ƙasa da kashi 37 cikin ɗari, ba kashi 58 irin na Abiola ba. Gombe ta sake yin abin da ta yi a 1993: ta ƙi tikitin mai ɗan Borno, ta zaɓi Atiku.

Mu Gombawa mun san wata hanyar, don mun daɗe a kanta. Tun 1999, daga Abubakar Habu Hashidu da Joshua Lidani har zuwa Inuwa Yahaya da Manassah Jatau, gwamna Musulmi ne, mataimaki Kirista daga Gombe ta Kudu. Ba doka ce ta tilasta ba, sanin ya kamata ne, kuma ya taimaka wa zaman lafiyarmu. Abin da muke ganin adalci ne a gidanmu bai kamata mu kira shi rauni a Abuja ba.

Sau huɗu ke nan ɗan Arewa maso Gabas yana tsayawa a matsayin mataimaki a tikitin da ya ci zaɓe: 1993, 1999, 2003 da 2023. Na fahimci fushin waɗanda suka tashi a zauren Gombe, domin shiyyar da Boko Haram ta ɗaiɗaita tana da haƙƙin ta ƙi a yi mata riƙon sakainar kashi. Amma matashin Gabukka da ke shirin ɗaga murya a 2027, kafin ya tambayi daga wace jiha ko wane masallaci mataimaki ya fito, ya fara tambayar su wa suka kawo shi, da wane alkawari, kuma me aka rubuta wa hanyar Gombe zuwa Bauci da tashar wutar Mambila a cikin cinikin.