Awon ƙasa da lantarki da sanin maginan rijiya a Adar: taƙaitaccen tarihi

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana bin tarihin dabarar neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da lantarki, wadda ma'aikatan ruwa ke kira sondaj, tare da duba matsayinta a arewacin Adar, tsakanin Tawa da Barmu. Muna son mu nuna cewa sakamakon wannan awo ba ya karantuwa sai da labarin rijiyoyin da aka riga aka gina, kuma mafi yawan wannan labari da hausa yake, a bakin magina.

2. Ƙasar Adar

Adar yanki ne na babban kwarin da masana ƙasa suka raɗa wa sunan Abzinawan Iwillimmedan. Jacques Greigert ya bayyana hawa-hawan duwatsunsa a littafin da ya fitar a 1966. A kan tudu akwai marmara. A ƙarƙashinta akwai farin dutse da yumɓu waɗanda teku ya bari kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Irin wannan farin dutse ne ake yin siminti da shi a Malbaza. Babban ruwa yana can ƙasa da ɗaruruwan mitoci, sai foraj ke cim masa. Ruwan da talaka ke iya kaiwa da hannu yana cikin rairayi da tsakuwar da suka cika kwaruruka, kamar Majiya da kwarin Kaita da Tadis. Shi kuwa wannan ruwa ba ko'ina yake ba: rijiya biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ta ba da ruwa, ɗaya ta ƙare cikin yumɓu.

3. Asalin dabarar

A 1912 Conrad Schlumberger, malami a makarantar ma'adinai ta Paris, ya yi gwajinsa na farko a gonar gidansu da ke Val-Richer, a Faransa. A 1915 Frank Wenner ya bayyana wani tsari makamancinsa a Amurka. Da farko ma'adinai Schlumberger ke nema. Daga baya aka karkata dabarar ga man fetur da ruwa.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana kafa turakun ƙarfe huɗu a layi ɗaya. Biyu na gefe su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya su auna ƙarfinsa. Duk sa'ad da aka ƙara nesanta na gefe, lantarkin yakan ƙara nitsewa, a sami labarin hawan da ke ƙasa. Abin da ake aunawa shi ne taurin kan ƙasa ga wucewar lantarki: busasshen rairayi da marmara sukan tare shi ƙwarai, rairayi mai ruwan daɗi ya tare shi kaɗan, yumɓu kuwa ya bar shi ya wuce.

A Nijar, an kafa ofishin ruwan ƙarƙashin ƙasa, OFEDES, a 1963. Bayan farin 1973 zuwa 1974, musamman cikin shekaru goma na ruwan sha da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe (1981-1990), sondaj ya zama abin da aka saba gani a ayyukan ruwan karkara na Sahel.

4. Inda na'ura ke tsayawa

Matsala biyu ke akwai. Ta farko, yumɓu da ruwan zartsi duka suna sakin lantarki, saboda haka suna iya kama da juna a takarda. Ta biyu, siririn hawa mai saurin sakin lantarki da kakkauran hawa mai matsakaicin saki suna iya ba da zane iri ɗaya. Don haka ƙa'idar aikin ita ce a fara awo kusa da rijiyar da aka san hawa-hawanta, sannan a kwatanta sauran wurare da ita. Ko sabuwar dabarar maganaɗisu da ke jin ruwan kansa, wadda aka ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet, aka kuma gwada a yankin Yamai cikin shekarun 2000, tana buƙatar irin wannan kwatanci.

A nan ne harshe ke shigowa. A hausar yamma, «gina» na nufin tona, shi ya sa ake cewa maginin rijiya. Magini yana ƙidaya zurfi da gaba, yana bambanta rairayi da tsakuwa, laka da yumɓu, marmara da fa, ya kuma san a gaba ta nawa ya tarar da kowanne. Wannan shi ne ainihin bayanin da mai sondaj ke nema. Amma ɗalibi yana koyon aikin da faransanci, rahotonsa ma da faransanci, sai ya zama rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. In an yi kuskure, gari ne ke asarar kuɗi da aikin rani guda.

5. Kammalawa

Nicole Echard da Djibo Hamani sun nuna a littattafansu na 1975 cewa ana iya gina tarihin Adar bisa abin da mutanenta suka riƙe da ka. Muna ganin tarihin rijiyoyi ya cancanci irin wannan aiki. Shawararmu ita ce, ɗaliban ilimin ƙasa da na harsuna su fita fili tare: kowace rijiya a rubuta sunanta da zurfinta da hawa-hawanta da kalmomin magininta, sannan a yi awo a gefenta. Ya kamata a fara da tsofaffin magina tun suna raye.