Ruwa da Garinmu: Tarihin da Muka Ji, da Wanda Muka Gani

Da kwamiti ya ce a rubuta tarihin gari a mujallar bikin bana, sai muka zagaya wurin tsofaffi da littafi da biro. Duk wadda muka tambaya labarin da, da ruwa take farawa. Wata ta ce an yi aurenta shekarar da ruwa ya ci masallaci, wata ta ce ta haifi ɗan farinta shekarar da ruwa bai zo ba. To, mu ma ta nan za mu bi.

Saboda jikokinmu da ke Kano da Abuja, waɗanda sai da salla suke leƙo mu, bari mu fara da inda muke. Garinmu yana kan ɗan tudu ne a cikin fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja ke rarrabuwa ya bazu kafin ya haɗu da na Jama'are su nufi Gashuwa, daga can sai tafkin Chadi. Hausawa ne da Badawa da Mangawa, ga Fulani da ke saukowa da shanu in rani ya yi. Ruwan da ke rayar da mu ba a kanmu ake zuba yawancinsa ba. Can ƙasar Kano da tsaunukan Jos ake yin sa, ya ɗauki makonni yana tafiya kafin ya iso.

A zamanin kakanninmu ruwan nan yana da alƙawari. Wajen watan Agusta yake shigowa, ya shafe fadama, gari ya zama tsibiri. Kafin nan maza sun watsa shinkafa, tana tashi tare da ruwan. In ya fara janyewa da kaka a yanke ta, a bi laimar da ya bari a shuka wake ba tare da an ɗebi ko guga ɗaya ba. Kifi kuwa, tarwaɗa da karfasa da gaiwa, a kududdufai ake tsare su. Bayan haka Fulani su shigo da shanu su ci ciyawa su bar taki. Gona ɗaya, abinci kashi uku ko huɗu a shekara.

Aikin mata a nan yake, ko da yake ba a cika faɗa ba. Namiji ya kamo kifi, amma wa ke yin banda? Wa ke jiƙa shinkafa, ta turara, ta shanya, ta surfa a turmi har tafin hannu ya yi kanta? Wa ke saƙa tabarma da faifai da kabar goruba? Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, kuma tun daga lokacin kifin da iyayenmu suka banda yake kaiwa garuruwan da su ba su taɓa gani ba. Kuɗin, fam da sule a lokacin, ba duka ke dawowa hannunsu ba. Abin da ya dawo shi ake zubawa a adashi, a yi wa 'ya kayan ɗaki.

Kada yara su ɗauka aljanna ce. Wata uku ba hanya sai kwalekwale. Sauro kamar hayaƙi. Yara maza na fitsarin jini, wato tsargiya, har ana ɗauka alamar girma ce. Mace in naƙuda ta gardama da dare a tsakiyar damina, sai dai a shimfiɗa ta a kwalekwale a yi ta addu'a. Akwai waɗanda ba su kai gaɓa ba. Allah Ya jiƙansu.

Sai abubuwa suka zo a jere. A 1973 aka canza kuɗi zuwa naira da kwabo, ana tsakiyar babban farin da ya kashe dabbobi daga nan har Nijar. A 1974 aka gama madatsar Tiga a ƙasar Kano. Mutanen gari ba su san da ita ba, sun dai ga ruwa ya rage zuwa, suka ce fari ne. Fari ne, amma ba shi kaɗai ba. An sake yin wani a 1984, shekarar da gidaje da yawa suka ci tafasa da zogale ba tuwo. Sannan a 1992 aka gama ta Challawa, shekara guda bayan an cire mu daga Kano an ba mu jihar Jigawa.

Abin da ya faru bayan nan ya kamata kowace mamba ta gane shi, don shi ne tushen wahalarmu ta yau. Da, ruwa da ƙarfi yake zuwa sau ɗaya, ya wanke hanyarsa, sannan da rani komai ya bushe ƙaƙas. Madatsa kuwa tana riƙe na damina, tana sakin kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, abin da ciyawar kacala take so ke nan. Ta fito ta fi mutum tsayi, ta tare yashi da laka, ta toshe hanyoyin ruwa irin su Burum Gana, ruwan ya karkata ta Marma zuwa Nguru. Sai ka ga wannan gari gonarsa ta nutse shekara da shekaru, wancan kuma ko ɗigo ba ya samu. A cikin kacalar jan-baki ke kwana, da asuba su sauka a kan shinkafa. Wanda bai taɓa wuni a gona yana kaɗa gwangwani ba, ba zai gane ba.

Amma kuma a shekarun nan ne injin ban ruwa ya shigo. Da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, maza suka rungumi noman rani, alkama da tattasai da albasa. A wannan shekarar ce kuma Maryam Babangida ta fito da shirin Better Life na matan karkara, aka fara jin cewa in mata suka haɗu suka yi rijista za a saurare su. Mu faɗi gaskiya: alƙawarin da muka ji a rediyo ya fi abin da ya iso hannunmu yawa. Abin da muka ɗauka daga wancan zamani shi ne littafi. Uwar adashi da ke riƙe lissafi a ka ta zama ma'aji, aka samu mai rubutu, aka daina "ai na ba ki" da "wallahi ba ki ba ni ba". Maimakon kowace ta kwashi nata ta sayi atamfa, aka fara sayen shinkafa da kaka tana araha, a ajiye, a guma, a sayar da bazara. Maza sun yi dariya da farko. Wasunsu daga baya a wurinmu suka ranci kuɗin man inji.

Jarin nan ya sha ruwa, ba da wasa ba. Ambaliyar 2012 ta taɓa mu, ta 2020 ta fi ta, ta 2022 kuwa ta shiga ɗakin ajiyarmu cikin dare. Mun kwana muna jidar buhuna a ka zuwa makarantar firamare, ruwa iya gwiwa, da goyo a baya. Wasu buhunan sun tsiro kafin rana ta fito a shanya. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mu da ba banki, waya ma sai an hau tudun makabarta take kamawa. Mudu da mudu muka koma musaya, kamar zamanin kakanni.

Shi ya sa maganar da ke gabanmu a taron bana ba ƙarama ba ce. Abin da ke asusu zai iya yin abu ɗaya ne kawai: ko injin casar shinkafa, ko sabon ɗakin ajiya a kan tudun gabas da daɓen siminti mai tsayi. Matasanmu na son inji, kuma suna da hujja, don kuɗin mota zuwa wurin casa yana cinye riba. Tsofaffi sun ce injin a ina za a ajiye shi in ruwa ya dawo? Mu da muka zagaya muka ji tarihin nan, hankalinmu ya fi kwanciya da ɗakin, amma ƙuri'a ɗaya ce da kowa.

Za a kaɗa ta bayan sallar azahar ranar biki, kafin a raba abinci. Wadda ake bi bashin kaka ta daure ta ga ma'aji kafin ranar, a san ainihin abin da ke hannu.