Tattakin Ƴan Ritaya: Mene Ne Shi, Kuma Daga Ina Ya Samo Asali?

Tattakin ƴan ritaya fita ce da dattawan da suka ajiye aiki suke yi a ƙungiyance, a ƙafa, a wata rana da suka tsayar, galibi sau ɗaya a wata. Akan sa wurin haɗuwa da lokaci, a naɗa jagora wanda ya san hanya, a sa wani a baya don kada a bar mai rauni. Ba tsere ba ne. Ana tafe ana hira, a huta a inuwa, a ƙare da shayi ko abinci tare.

Abin ya fi kafuwa a Turai. A Birtaniya akwai ƙungiyar masu tafiyar ƙafa mai suna Ramblers tun shekarar 1935. A Faransa, a birnin Tulus, wani malamin jami'a, Pierre Vellas, ya buɗe jami'ar dattawa a 1973, domin wanda ya ajiye aiki ya ci gaba da karatu da motsa jiki. Tsarin ya shiga Birtaniya a 1982, kuma har yau rassansa da dama suna da rukunin masu tattaki. A 1996 wani likita a Ingila, William Bird, ya fara shirya wa marasa lafiyarsa tafiyar ƙafa a ƙauyen Sonning Common, daga baya abin ya bazu a ƙasar. Mu ma'aikatan rediyo kuwa, labarin Japan ne ya fi burge mu: tun 1928 rediyon ƙasar ke watsa shirin motsa jiki da sassafe, tsofaffi su taru a fili suna bin muryar mai gabatarwa.

To, wani zai ce mu a Bune ina ruwanmu? Tsohon da ke gangarawa kwari wajen dabinonsa, ya hau tudun rairayi ya dawo, ya je masallaci sau biyar, ya je kasuwa, ya je gaisuwar mutuwa a ƙauyen gaba, wa zai koya masa tafiya? Gaskiya ne. Tafiya cikin rairayi ma ta fi ta kan kwalta cin ƙarfi. Amma fa akwai wasu dattawan. Akwai malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati da ya shekara talatin a Damagaram ko Yamai, ya dawo gida yana jiran fansho, daga tabarmar ƙofar gida sai cikin gida. Akwai wanda ƴaƴansa a Libiya ko Najeriya suka saya wa babur, suka ɗauki mai yi masa noma, suka ce "Baba, ka huta." Niyya mai kyau ce, ba shakka. Sai dai hutun da babu motsi a cikinsa yana buɗe ƙofa ga hawan jini, ciwon suga da sanyin gwiwa, ga kuma kaɗaici, wanda ba a cika faɗinsa ba. Iyayenmu mata da surukai suka karɓe musu daka da ɗiban ruwa ma suna cikin wannan sahu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a nan muka fi sani da OMS, ta faɗa a shawarwarinta na 2020 cewa mai shekara 65 zuwa sama yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, haɗe da atisayen da ke ƙarfafa jiki da tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako, don rage faɗuwa. Wato kamar rabin awa a kwana biyar. Kun ga ke nan fita sau ɗaya a wata ba ta isa ita kaɗai ba. Amfaninta shi ne zumunci da zaburarwa: wanda ya san abokai za su jira shi ranar tattaki, ba zai yarda ƙafarsa ta mutu kafin ranar ba.

Batun taku 10,000 a rana da ake gani a wayoyi kuwa, ba daga asibiti ya fito ba. Tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka yi a Japan a 1965. Wani bincike da mujallar Lancet Public Health ta buga a 2022 ya nuna cewa ga masu shekara 60 zuwa sama, taku 6,000 zuwa 8,000 sun wadatar wajen rage haɗarin mutuwa da wuri.

Masu son kafa irin wannan ƙungiya a yankinmu sai su lura da yanayi. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, don haka bayan sallar asuba ne lokaci, a dawo kafin rana ta yi ƙarfi. A hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa, mai asma ya zauna gida. A riƙe ruwa, a sa takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da ƙarangiya, musamman mai ciwon suga, wanda ɗan rauni a ƙafarsa kan daɗe bai warke ba. Sanda ba abin kunya ba ce. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara zuwa CSI a auna shi kafin ya shiga. Idan ana cikin tafiya ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya kama mutum, a tsaya nan take a nemi likita.